Ranar Kasuwar Ngong: Shanu, Lamiɓe da Labarin Girkawan Dauri

A wannan wata ba mu yi nisa ba, Ngong kawai muka je, garin da duk mai sayen hatsi ko dabba a Garwa ya sani kamar yunwar cikinsa. Wani zai ce, to wane labari za a ba mu a kan wurin da muke zuwa kowane mako? A yi haƙuri a biyo mu. Mu ma da niyyar sayen masara muka fita, sai hira ta kai mu inda ba mu zata ba.

Mu huɗu ne a tafiyar. Akwai mu biyu masu wannan shafi, da wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi daga unguwar Hausare wanda ya ba mu wuri a motarsa, sai abokinsa tun na yarinta, wani malamin tarihi da ya daɗe yana koyarwa a lise kafin ya yi ritaya. Su biyun nan ba sa zama minti goma ba su yi gardama ba, kuma an ce haka suke tun suna makarantar allo. Mun bar gari bayan sallar asuba ranar Litinin, don ita ce ranar kasuwar Ngong, kamar yadda Lahadi take ta Pitowa, Alhamis kuma ta Adumri. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe duwatsun Tingilin a bayanmu. Da muka hau gadar Binuwai sai muka ga ruwa ya janye ya bar rairayi fari fat, masu wanki da masu ɗiban yashi sun riga sun sauka. Yaron yau ba zai yarda ba in aka ce masa a da jiragen ruwa suna tasowa tun daga bakin teku a Nijeriya, su iso nan da damina su yi lodin auduga da gyaɗa.

Ba mu yi nisa da gada ba muka wuce Bokle, inda LANAVET take, wato ma'aikatar da ke haɗa allurar rigakafin dabbobi, wadda aka kafa a 1983. Alhaji ya wuce abinsa bai ko waiga ba, amma Malam ya nuna ginin da baki, ya ce mu riƙe shi a rai, zai gaya mana dalili in mun isa. Alhaji ya ce, "Ka fara ke nan, Malam. Ni yau masara na zo saye, ba tarihi ba."

Tsakanin Garwa da Ngong kimanin kilomita 40 ne a kan kwaltar da ta miƙe zuwa Ngaundare. Tun kafin ka shiga gari za ka san ranar kasuwa ce: kekuna da babura ɗauke da buhuna, amalanken shanu, mata da ƙwarya a ka, yara suna kora awaki a gefen hanya. Ngong ce mazaunin hukumar gundumar Cebowa, ko da yake garin Cebowa kansa, inda sarautar ta samo suna, yana can yamma a kan hanyar Turuwa. Dattawa sun ce da can Ngong ƙauye ne da ba a tsayawa a cikinsa sai mota ta lalace. Abin da ya ɗaga ta shi ne ƙaurar manoma. Bayan farin shekarun 1970 gwamnati ta buɗe ƙasar Binuwai ga mutanen Arewa Mai Nisa, waɗanda gonakinsu suka yi musu kaɗan. SODECOTON, da aka kafa a 1974, ta kawo iri da taki da bashin garma, sannan aka gama madatsar ruwan Lagdo a 1982, masunta da 'yan kasuwa suka biyo. Daji ya koma gona, gona ta haifi kasuwa.

Don haka in ka tsaya a tsakiyar kasuwar ka rufe ido, kunnenka zai gaya maka tarihin wurin. Fulatanci ne harshen ciniki, kowa da irin nasa. Amma in mutum ya juya ga ɗan'uwansa sai ka ji Mafa, ko Tufuri, ko Giziga, ko Mundang, ko Laka na mutanen Cadi. Hausa kuwa za ka ji ta a inda ka saba jin ta: wajen 'yan awo, wajen mahauta da masu tsire a tukuba, wajen 'yan goro da 'yan koli, da bakin manyan motocin da ake loda wa masara da gyaɗa da wake za su kudu, wasu har Yawunde da Duwala. A bayan kasuwa akwai rumfunan masu bilbil, nan kam sai muka gaishe su daga nesa. Alhaji ya shige cikin 'yan awo, yana tsoma hannu a buhu, yana ɗauko ƙwayar masara ya ciza don ya ji ko ta bushe. Muka ga ba zai gama da wuri ba, sai muka bi Malam zuwa kara.

A kara ne muka sami wani tsohon Bafillace zaune a gindin bedi, ya kawo bijimi ɗaya, dillalai suna ta zagayarsa yana kallonsu kamar ba da shi ake ba. Malam ya durƙusa ya gaishe shi da Fulatanci, ya ce, "Baffa, yara ne na kawo su ji labarin pettu." Pettu shi ne ciwon da mu Hausawa muke kira bushiya. Tsohon ya yi shiru har muka ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce shi da idonsa ya ga na 1983, ya ga saniya tana hawaye, baki ya yi gyambo, zawo ya kama ta, kwana kaɗan ta faɗi. Amma ya ce wannan wasa ne a kan wanda kakansa ya ba da labari. A wancan, in ji shi, mutum zai kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai. Ungulu ta ƙoshi har ta daina sauka. Wasu makiyaya suka zauce suka shiga daji suna kiran shanunsu da suna ɗaya-ɗaya. Wasu da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka koma ƙodago a gonar waɗanda a da suke rainawa.

Abin da tsohon ya faɗa yana nan a rubuce. Annobar ta shigo Afirka ta tashar ruwan Masawa da ke Eritiriya a 1887, a jikin shanun da sojan Italiya suka shigo da su don abincinsu. Ta ratsa Habasha da Sudan, ta iso yankin Tafkin Cadi da ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. A wurare da yawa cikin shanu goma tara sun mutu. Fulanin Nijeriya suka sa wa shekarar suna Sannu, don ba abin da ya rage a ce wa mai garke sai sannu. Sai a 1962 aka fara gangamin allura na haɗin gwiwa tsakanin Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya. Ciwon ya lafa, aka saki jiki, ya sake dawowa a farkon shekarun 1980. A 2011 ne aka ba da sanarwar an kawar da shi daga duniya baki ɗaya, shi ne ciwo na biyu da ɗan Adam ya ga bayansa, bayan agana. Ginin nan na Bokle da Alhaji ya ƙi waiwaya, ashe yana cikin amsar kukan kakan wannan tsoho.

Rana ta take, muka koma rumfar mai shayi, Alhaji ya same mu a can yana share gumi. A nan ne Malam ya buɗe abin da ya ƙunsa tun daga gada. Ya ce shekara da shekaru yana koya wa yara labarin biranen Girka na dauri, su haddace su rubuta a jarrabawa su manta, don suna ganin labarin Turawa ne da bai shafe su ba. Shi kuwa duk lokacin da ya karanta, Fombina yake gani.

Ga yadda ya ba mu shi. Girkawa ba ƙasa ɗaya ba ce a lokacin. Birane ne barkatai, kowanne da ganuwarsa da dokarsa da rundunarsa, harshe ɗaya, abin bauta ɗaya, amma ba mai yarda wani ya fi shi. Kamar dai Kano da Katsina da Zazzau da Gobir kafin jihadi. A shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yaƙi ya ɓarke tsakanin manyan biyu, Atina mai jiragen ruwa da Isparta mai dakarun ƙasa, kowanne ya jawo ƙananan birane a bayansa. Shekara 27 ana yi. Shugaban Atina, Ferikilis, ya ce kada a fita a kara da Isparta a fili. Ya sa mutanen ƙauye duka su bar gonakinsu su shigo cikin ganuwa, dabbobinsu kuma aka haye da su wani tsibiri. Dabara ce mai kyau a baki. Amma da aka cusa jama'a a bukkoki cikin zafi, shekara ɗaya da fara yaƙi sai annoba ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Firiyus. Wanda ya rubuta tarihin yaƙin, Tusidid, shi ma ta kama shi ya tashi. Ya ce an ce daga wajen Habasha ta taso ta bi ta Masar. Da Malam ya zo nan sai ya dube mu ya ce, "Kun ji hanyar ko?"

Masu magani ne suka fara mutuwa, don su ke kusantar marasa lafiya. Cikin manyan dakarun Atina 4,400 suka mutu, da mahaya doki 300, talakawa kuwa ba wanda ya ƙirga. Ferikilis kansa ta ɗauke shi a 429. Amma abin da ya fi damun mai tarihin ba yawan gawa ba ne, lalacewar hali ce. Mutane suka daina yi wa mamaci sutura yadda aka saba, wani ma sai ya jefa gawarsa a kan wutar da wani ya haɗa wa nasa ya gudu. Wanda ya ga mai kuɗi ya mutu da safe, matsiyaci ya gaje shi da yamma, sai ya ce to me ya rage a ji tsoro? Daga nan cutar ta koma cikin siyasa. A tsibirin Korsira a 427 'yan gari ɗaya suka rabu biyu, masu dukiya suna kiran Isparta, talakawa suna kiran Atina, aka yi ta yanka har cikin wuraren ibada, wanda ake bi bashi ya kashe mai binsa ya ce siyasa ce. Mai cewa a yi hankali sai a kira shi matsoraci, mai tsaka-tsaki kuwa ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa. Atina ta faɗi a 404. Isparta ba ta ji daɗin nasarar ba, biranen suka ci gaba da cin junansu, har sarki Filibus na Masedoniya ya sauko daga arewa a 338 ya haɗa su duka ya danne.

Alhaji ya ce, "To mu ina ruwanmu da arnan Girka?"

Malam ya ce ya duba ƙasar da muke zaune a kanta. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo wajen 1809, ya kafa Yola a 1841. A ƙarƙashin Yola aka sami lamiɓe wajen 40: Garwa, Cebowa, Bibemi, Rai, Marwa, Bindir, Ngaundare, Tibati, Banyo da sauransu. Addini ɗaya, harshe ɗaya, tuta ɗaya, amma kowanne da ganuwarsa da dawakinsa, kuma zuriyar Wolarɓe da ta Yillaga ba su cika ga-maciji da juna ba. Buba Njidda na Rai bai taɓa yarda a zuciyarsa cewa Adama ya fi shi ba, har Yola ta kai masa yaƙi ba ta iya karya shi ba. Hamman Sambo na Tibati ya tafi Sakkwato takanas neman tutarsa ta kansa. Bayansa Tibati ta yi ta gwabzawa da Yola da maƙwabtanta Fulani 'yan'uwanta. A ƙarshen ƙarnin ma lamidon Tibati ya yi shekara 11 yana zaune a sansani ya kewaye garin Ngambe na Tikar, har Jamusawa suka zo a 1899 suka same shi a haka.

A cikin wannan hali annobar shanu ta sauka. Ga Bafillace saniya ita ce abinci, ita ce sadaki, ita ce asusu, ita ce mutunci. Kuma a daidai lokacin, Zubairu ya hau gadon Yola a 1890, ya tarar da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya kafa gari a Balda kusa da Marwa yana kira ga Mahadin Sudan, matasa da malamai suna ta kwarara wurinsa. Zubairu ya kai masa yaƙi, Musulmi ya kashe Musulmi, jinin Shehu a gefe guda, mai riƙe da tutar Shehu a ɗaya gefen. Hayatu ya koma wurin Rabe, ya auri 'yarsa, a ƙarshe ɗan Rabe ne ya kashe shi a 1898. A can gida ma ba lafiya ba: daga 1893 zuwa 1895 Kano tana cikin basasa tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. A wasu gidajenmu na nan har yau ana cewa kaka ya baro Kano ne a wannan rikici, ya biyo ayari bai koma ba.

Sai masu bindiga mai ruwa suka iso. Ingilishi suka ci Yola a watan Satumba 1901, Zubairu ya gudo gabas. Jamusawa suka ci Ngaundare a shekarar, suka kashe Lamido Abbo, suka fatattaki rundunar Zubairu a Garwa a watan Nuwamba, suka sake karya shi tare da mutanen Marwa a Janairu 1902. Ya mutu yana gudun hijira a 1903. Ɗaya bayan ɗaya aka ɗauke su, kamar yadda ake tsinke carbi. A 1907 Goni Wadai ya tara jama'a da sunan Mahadi ya nufo Garwa, aka harbe su kafin su shiga gari, aka rataye wasu sarakunan da aka ce sun goya masa baya. Shekara takwas bayan haka su Jamusawan ma aka kewaye su a Garwa, suka miƙa wuya ga Ingilishi da Faransawa a ranar 10 ga Yuni 1915. Ƙasar da take ɗaya aka raba ta biyu, uwar a Nijeriya, yawancin 'ya'yan a Kamaru. Wanda yake son ya bi wannan labari daki-daki ya nemi littattafan marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa, wanda ya bi fada-fada yana ɗaukar maganar tsofaffi kafin su ƙare. Ya rasu a Maiduguri a 2004.

Mu dai a namu ganin, kwatancen Malam yana ɗingishi a wasu wurare, kuma mun gaya masa. Annobar Atina mutane ta kashe, tamu dabbobi. Ko da shanu ba su mutu ba, ko da lamiɓe sun haɗa kai, doki da mashi ba za su tsaya gaban bindiga mai ruwa ba. Sannan akwai waɗanda labarin sarakuna yake tsallakewa. Kafin annoba da bayanta, wanda ya fi shan wuya a ƙasar nan shi ne Bata na bakin kogi, da Fali da suka haye duwatsu, da Dowayo, da Mbum, da Gbaya, da Laka, waɗanda ake kai wa hari a kamo su a biya Yola gaisuwa da su. Jikokinsu ne muke ciniki da su yau a Ngong. Malam bai musa ba. Ya ce Atina ma da ake yabo, bayi ne ke haƙa mata azurfa.

Mu kuma ina muke a cikin labarin? Nan ne hira ta yi zafi. Alhaji ya ce Bahaushe fatauci ya kawo shi, bai ɗauki takobi ba, bai ƙwace ƙasar kowa ba. Gaskiya ne fatake suka buɗe hanyoyin Fombina, suka kawo tufafin Kano da kanwa da jan ƙarfe, suka fita da hauren giwa da goro. Ka shiga kowace fada a Arewacin Kamaru za ka ji sarautu da sunan Hausa: Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Fawa, Sarkin Hausawa. Amma ayarin da ya fita da hauren giwa bai tsaya a kan haure kaɗai ba, ya fita da mutane a ɗaure. Wannan ba a faɗarsa a zauren gidajenmu, alhali sunayen wurare ba su ɓoye ba. Filin ƙwallon Rumde Ajiya, inda muka cika muna kallon Nijeriya a gasar Afirka ta Janairu 2022, kalmar rumde da ke cikin sunansa ita ce rinji da Hausa, wato ƙauyen bayi masu noma. Alhaji ya kurɓi shayinsa bai ce komai ba.

Da ya ajiye kofi sai ya koma kan bakansa: ɗan kasuwa ba shi da ɓangare. Lamido ya zo ka gaishe shi, Bajamushe ya zo ka sayar masa, Bafaranshe ya zo ka biya haraji, wannan jam'iyya ta zo ka ba da gudunmawa, waccan ta zo ka ba da. Haka kakanninmu suka tsira, haka za mu tsira.

Malam ya ce, "Alhaji, bari in ba ka labarin wani ɗan kasuwa irinka." A Atina akwai baƙi mazauna gari, yawancinsu 'yan kasuwa da masu sana'a a Firiyus. Suna biyan haraji na musamman, suna zuwa yaƙi in an kira, amma ba su da ƙuri'a, ba su da ikon mallakar ƙasa sai da izini. Wani attajiri daga Sirakus ya zo ya zauna shekara 30, 'ya'yansa suka gaji masana'antar garkuwa. Da Atina ta faɗi a 404, Isparta ta ɗora wasu mutum 30 a kan mulki. Kuɗi ya ƙare musu, sai suka zauna suka zaɓi baƙi 10 da za a kama, suka sa matalauta biyu a ciki don kada a ce dukiya ake nema. Cikin waɗanda aka kama har da 'ya'yan attajirin nan biyu. Ɗaya, mai suna Lisiyas, ya sulale ta ƙofar baya ya tsere. Ɗan'uwansa aka ba shi guba ya sha ba tare da shari'a ba. Aka kwashe garkuwa 700 da bayi 120, har 'yan kunnen matar mamacin aka cire daga kunnenta, kamar yadda Lisiyas ya faɗa a gaban mahukunta daga baya. Ya taimaka da kuɗinsa da garkuwoyi aka kori azzaluman a 403. Aka ba shi zama ɗan ƙasa don godiya, sai wani ya tashi ya ce ba a bi ƙa'ida ba, aka soke. Ya mutu yana baƙo a garin da ya yi rayuwarsa.

Alhaji ya fusata. Ya ce mu ba baƙi ba ne, kabarin kakan kakansa yana Garwa, kafin a ƙirƙiro sunan Kamaru muna nan. Kuma gaskiyarsa. Mu 'yan ƙasa ne, muna da ƙuri'a, muna da gidaje da gonaki. Amma wa a cikinmu bai taɓa jin an tambaye shi asalin garinsu a Nijeriya ba, don kawai sunansa da harshensa? Mun ga 1983, da Ahijo ɗan Garwa ya ɓata da magajinsa, aka raba lardin Arewa uku. Mun ga abin da ya biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984, lokacin da aka kama 'yan Arewa da yawa, soja da farar hula, har da waɗanda kasuwancinsu kawai suke yi. Mun ga rigingimun jam'iyyu na farkon shekarun 1990, mun kuma ga yadda Garwa ta hargitse bayan zaɓen Oktoba 2025, aka rufe shaguna. A irin wannan rana ba a tambayar ra'ayinka, takarda ake tambaya. Mu kuwa mun fi kowa sakaci da ita. Yaro zai haddace izu 60 ba shi da takardar haihuwa, sai ya zo jarrabawar gama firamare ko neman katin ɗan ƙasa sannan uban ya fara zirga-zirgar kotu. Wannan ba laifin lamido ba ne, ba na Bajamushe ba.

Ngong kanta ba ta rasa nata rikicin da ke kwance ba. Manomin da ya zo daga Mokolo shekara 40 da suka wuce ya sare daji da izinin jauro, yana ba da zakkar hatsi ga sarauta, har yau bai tabbata gonar tasa ce ba. Makiyayi yana ganin burtalinsa ya zama gonar auduga, gandun dajin Binuwai da yankunan farauta sun tare shi ta kudu, masu satar mutane don kuɗin fansa sun kore shi daga dajin Mayo Rai. Kowa yana da gaskiyarsa, ƙasar kuma ba ta ƙaruwa. Mu da muke saye daga hannun wannan mu sayar wa wancan, a tsakiya muke. Ranar Litinin dai kowa yana zuwa, ana taya wa juna, ana sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa. Da muka sake bi ta kara da la'asar mun tarar tsohon nan bai sayar da bijiminsa ba. Ya ce kuɗin da aka taya bai kai ba, zai dawo wani mako. Yadda yake shafa masa tozo, ba mu ga alamar mai niyyar sayarwa ba.

Mun kamo hanya rana tana shirin faɗuwa, buhunanmu biyu a bayan mota, na Alhaji kuma suna tafe a babbar motar da ya yi wa lodi. A wani shinge kafin gari muka tarar an tsayar da ita, an sauko da wani saurayi cikin 'yan dako, ɗan unguwarmu ne, uwarsa tana sayar da ƙosai a bakin masallaci. Ba shi da kati, ba shi da takardar haihuwar da zai nemi katin da ita. Alhaji, wanda ya yini yana gaya mana ɗan kasuwa ba ya shiga abin da ba nasa ba, shi ya fara buɗe ƙofa. Ya gyara hula, ya tafi yana "Ranka ya daɗe, yarona ne, a gabana aka haife shi," ya yi ta bayani da Fulatanci da ɗan Faransancinsa har aka ce ya ɗauke shi, amma kada a sake ganinsa a hanya haka.

Yaron ya shigo ya matse a tsakaninmu yana ƙamshin ƙaiƙayi. Har muka hau gada ba wanda ya yi magana, ana ta kiran magariba daga masallatan Garwa. Sai Alhaji ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Malam, kai ka san hanyar ofisoshin nan. Ranar Laraba ka raka shi kotu a fara masa takardar, ni zan biya." Malam ya ce to, amma da sharaɗin mako mai zuwa in an zo Bokle a rage gudu.